Kimiyyar Ƙididdiga da Kama Masu Maguɗi a Wasan Ces na Intanet

Gabatarwa

Ces wasa ne na mutum biyu da ake yi a kan allo mai gidaje 64. Kowane ɗan wasa yana farawa da 'ya'ya 16, daga cikinsu akwai sarki da sarauniya da dawakai, kuma wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa shi ya ci. Wasu na kiransa darar Turawa, ko da yake daga Indiya ya samo asali. A yau miliyoyin mutane na buga shi ta intanet, a dandali irin su Chess.com da Lichess, kowa yana ɗakinsa, babu mai ganin wani. Daga nan matsalar wannan darasi ta taso: ta yaya za a gane mai maguɗi alhali babu wanda ya gan shi yana yi? Amsar tana cikin ilmin ƙididdiga, watau ilmin da masanin kimiyya ke dogara da shi wajen auna sakamakon gwajinsa.

Tushen Matsalar

A watan Mayu na 1997, a birnin Niyok, wata kwamfuta ta kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, da maki uku da rabi shi kuwa yana da biyu da rabi. A wancan zamani sai babban kamfani ke iya mallakar irin wannan na'ura. Amma daga baya an samu manhajoji na kyauta, irin su Stockfish da ta fito a 2008, waɗanda wayar hannu ke iya ɗauka, kuma babu gwanin da zai ja da su.

Ana auna ƙarfin 'yan wasa da ma'aunin Elo, wanda wani malamin fiziya, Arpad Elo, ya tsara, hukumar ces ta duniya, FIDE, kuma ta karɓe shi a 1970. Maki mafi yawa da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882, wanda Magnus Carlsen na ƙasar Nowe ya samu a 2014. Manyan manhajoji kuwa ana ƙiyasta su sama da 3500. Saboda haka mai maguɗi ba ya bukatar wata wahala: zai kwafi motsin abokin karawarsa ya ba manhaja, ita kuma ta gaya masa amsa.

Alamomin da Ake Dubawa

Alama ta farko ita ce ingancin motsi. Ana ɗaukar wasannin mutum a ba manhaja ta tace, a ga sau nawa zaɓinsa ya dace da nata, da kuma girman kuskurensa a inda suka saɓa. Sai dai ba kowane motsi ke da nauyi ɗaya ba. Motsin buɗe wasa haddacewa ake yi, don haka ba a lissafa shi. Haka kuma idan hanya ɗaya tak ta rage wa ɗan wasa, dacewarsa da manhaja ba ta nuna komai. Shaida mai ƙarfi tana wuraren da zaɓi ya yi yawa, mafi kyawunsu kuma ya ɓuya ga idon mutum. Farfesa Kenneth Regan na Jami'ar Buffalo ta Amurka, wanda shi kansa gwanin ces ne, ya fara wannan bincike bayan zargin da aka yi wa Vladimir Kramnik a gasar duniya ta 2006. Hanyarsa ita ce kwatanta abin da mutum ya buga da abin da ake tsammani daga mai maki irin nasa, sa'an nan a lissafa ko sa'a kaɗai za ta iya haifar da bambancin.

Alama ta biyu ita ce lokaci. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana sauri a kan abu mai sauƙi, tana jinkiri a kan mai wuya, tana kuma gajiya idan wasa ya yi tsawo. Wanda ke jiran manhaja kuwa yakan ɗauki daƙiƙoƙi kusan iri ɗaya a kan kowane motsi, mai sauƙi da mai wuya. Alama ta uku ita ce halin mutum a gaban kwamfuta. Dandalin yana iya gane lokacin da ɗan wasa ya bar shafin wasa ya leƙa wani shafi. Idan ingancin wasansa yana tashi duk sa'ad da ya yi haka, to, akwai abin tambaya.

Kurakurai Iri Biyu

Duk ɗalibin da ya karanta gwajin zazzaɓin cizon sauro ya san gwaji na iya kuskure ta hanya biyu: ya ce mai cuta lafiyarsa ƙalau, ko ya ce mai lafiya yana da cuta. Haka abin yake a nan. Ko dai mai maguɗi ya kuɓuce, ko kuwa a kama mai gaskiya.

Alal misali, a ƙaddara akwai 'yan wasa 100,000, daga cikinsu 1,000 na maguɗi. A ƙaddara kuma gwajin yana kama 90 cikin kowane 100 na masu maguɗi, yana kuma kuskuren zargin mutum 1 cikin kowane 100 na masu gaskiya. A ido, gwaji ne nagari. Amma zai kama masu laifi 900, ya kuma haɗa da marasa laifi 990. Ke nan fiye da rabin waɗanda aka zarga ba su yi komai ba. Wannan shi ya sa dandali mai hankali ba ya yanke hukunci da wasa ɗaya, kuma yakan sa ƙwararru su sake duba abin da na'ura ta nuna kafin a rufe asusun fitaccen ɗan wasa.

Akwai wani tarko kuma. Damar a wurga kwabo sau 10 ya faɗi a kan fuskar da aka zaɓa kowane karo ita ce 1 cikin 1,024. Amma idan ɗalibai 2,000 suka gwada, ana tsammanin kimanin biyu za su dace, ba tare da wata dabara ba. A 2023 Kramnik ya nuna shakku a kan Hikaru Nakamura na Amurka, wanda ya samu maki 45 da rabi a wasanni 46 a jere. Masanin ƙididdiga Jeffrey Rosenthal na Jami'ar Toronto ya bincika, ya nuna cewa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya buga dubban wasanni da mutanen da ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bisa ma'aunin Elo, wanda ya fi abokinsa da maki 400 ana tsammanin ya kwashe kimanin 91 cikin 100 na makin wasanninsu.

Shari'ar Niemann

A ranar 4 ga Satumba, 2022, a birnin St. Louis na Amurka, Hans Niemann, ɗan shekara 19, ya doke Carlsen, zakaran duniya na lokacin, a wasan gaba da gaba. Washegari Carlsen ya janye daga gasar. Niemann ya amsa cewa ya taɓa maguɗi ta intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16. A watan Oktoba Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72, inda ya ce ga dukkan alamu Niemann ya yi maguɗi a wasannin intanet fiye da 100, amma babu tabbatacciyar hujja a kan wasansa da Carlsen. Binciken Regan ma bai gano maguɗi a wasanninsa na gaba da gaba ba. Niemann ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 100. Kotu ta kori ƙarar a watan Yuni na 2023, aka yi sulhu a watan Agusta, aka mayar masa da asusunsa. A watan Disamba FIDE ta ci Carlsen tarar yuro 10,000 saboda janyewa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Abin lura shi ne, laifin jiya yana ƙara zato, amma ba ya zama shaidar laifin yau.

Hukunci da Rigakafi

Idan laifi ya tabbata, Chess.com yakan rufe asusun, Lichess kuma yakan yi masa tambari a fili, ya hana shi wasannin maki. Dukkansu biyu sukan mayar wa waɗanda aka cuta makin da suka rasa. Chess.com yakan ba wanda ya amsa laifinsa dama ta biyu, kuma akwai hanyar ɗaukaka ƙara. A gasar da ake cin kuɗi ana tilasta kafa kyamarori da ke nuna ɗan wasa da allonsa da ɗakinsa. Bugu da ƙari, dandali ba ya tona dukkan dabarunsa, domin kada masu maguɗi su koyi kauce musu. Illar wannan sirri ita ce, wanda ake zargi bai cika ganin cikakkiyar hujjar da aka kama shi da ita ba, kuma har yanzu ana muhawara a kan haka.

Kammalawa

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mai maguɗi na iya ɓoye motsi ɗaya, amma ɗaruruwan wasanni sukan tona shi. Duk da haka ƙididdiga ba ta ba da yaƙini, ƙarfin zato take aunawa. Malamin da ya ga amsoshin ɗalibai biyu sun yi kama yana fuskantar tambaya iri ɗaya: shin tambayar ce mai amsa ɗaya tak, ko kuwa an yi satar amsa?

Tambayoyi Don Nazari

1. A misalin 'yan wasa 100,000, marasa laifi nawa za a zarga idan kuskuren gwajin ya koma 1 cikin 1,000?
2. Me ya sa ba a lissafa motsin buɗe wasa?
3. Kowane ɗalibi ya wurga kwabo sau 10, a rubuta sakamakon ajin duka, a tattauna a kan wanda ya fi kowa dacewa.