An Cire Mahaifa, To Ƙarin Ruwan Na Mene Ne?

A ɗakin da nake ganin mata bayan tiyata a nan Nassarawa, akwai tambayar da kusan kullum sai na sha: "Likita, ba an cire abin ba? Me kuma ya rage?"

Na ƙarshe da ya yi min ita ɗan wata Hajiya ne mai shekara 63. Shekara goma rabonta da al'ada, sai jini ya dawo, ta yi wata huɗu tana ɓoyewa don kunyar 'ya'ya. Muka cire mahaifar da gidajen ƙwai. 'Yan uwa suka so a ba su naman su binne. Da ƙyar na shawo kansu aka zuba shi a roba da sinadarin formalin, aka kai ɗakin gwaji na Asibitin Malam. Da an binne shi, da har yau muna lalube a duhu.

Sakamako ya ce kasinosakoma. Wannan daban take da sankarar bakin mahaifa da ake yawan faɗa a rediyo. A cikin mahaifar take tsirowa, kuma ba ta kai 5 cikin 100 na sankarar mahaifa ba. Saurinta ne abin tsoro. Kafin wuƙa ta isa, ƙwayoyinta kan riga su bi jini su sauka a ciki ko huhu, ƙanana ƙwarai, hoto ba ya kama su. Su ake bi da kemo, wato ƙarin ruwan nan: carboplatin da paclitaxel ta jijiya, duk sati 3, sau 6, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini da ƙoda.

Gashi zai zube, amma yana dawowa. Ɗankwali ma ya rufa asiri. Yatsu kan sage kamar ana tsira allura, a faɗa mana mu rage maganin. Zazzaɓi ne ba na wasa da shi. In ya kai digiri 38, a taho asibiti ko da tsakar dare, kada a ce maleriya ce a nufi kemis, domin a lokacin garkuwar jiki ta yi ƙasa. Addu'a a dage da ita. Sassaƙe da jiƙe-jiƙe kuwa, a nuna mana tukuna, saboda ƙoda.

A zagaye na uku nake yawan rasa mutane: jiki ya ɗan warware, aljihu ya bushe. Shi ya sa nake zaunar da dangi mu lissafa kuɗin zagaye shidan tun kafin a ɗaura ledar farko. Hajiya tana na huɗu yanzu. 'Ya'yanta sun raba, kowa ya ɗauki zagaye ɗaya.