Yadda piyano mai kiɗa ke bin hannun makaɗi

Jama'a, a wajen biki kuna ganin yaro guda zaune gaban piyano ta lantarki, amma kunne yana jin ganga da gita da kakaki gaba ɗaya. Waɗansu suna cewa kaset ce ke juyawa a ciki, yaron yana yaudarar mutane ne. Ba haka ba ne. Ya kamata mai biyan kuɗin kiɗa ya san abin da yake biya.

Kiɗan lantarki ba baƙo ba ne a Nijar. A shekarar 1978 Mamman Sani ya yi kaset a Yamai da irin wannan abin kiɗa, ƙirar Italiya, kuma an daɗe ana jin kiɗansa a gidan rediyo da talbijin. Na yanzu kuwa, kamar Yamaha da Korg da Casio, sun fi waccan dabara.

Yawancinsu suna da madannai 61, farare da baƙaƙe. In an kunna kiɗan rakiya, madannan sun kasu biyu. Hannun dama yana yin muryar waƙa. Hannun hagu yana ba na'ura umurni. Yana danna madannai 3 tare, abin da makaɗa ke kira akor.

A cikin na'ura akwai guntayen kiɗa da gwanaye sunka kaɗa tun a masana'anta. Ana kiransu sitil. Kowane guntu gajere ne, in ya ƙare sai ya koma farko. A sitil na Yamaha ana iya samun layi 8: biyu na ganguna, ɗaya na bas, wato murya mai kauri, sauran na gita da makamantanta. Amma ba amo anka ajiye ba kamar a kaset. Rubutu ne: danna madanni kaza, lokaci kaza, da ƙarfi kaza. Kamfanoni sun shirya wannan irin rubutu a 1983, sunansa MIDI. Rubutu kuwa ana iya gyara shi.

Ku tuna da igiyar shuka mai ƙulli. In an gama layi ana matsa ta gaba, amma tsakanin ƙulli da ƙulli ba ya sakewa. Haka na'ura take yi. Galibi ana rubuta guntun kiɗa a kan akor na do, wato do, mi, sol. In makaɗi ya danna sol, si, re, sai na'ura ta ɗauki guntun duka ta matsa shi ya fara daga sol. Gudun kiɗa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Kaset ba ta iya wannan: in muryarta ta hau, gudunta ma ya hau.

Akwai inda matsawa kaɗai ba ta isa. Ku ƙirga har da baƙaƙen madannai. Daga do zuwa mi taki 4 ne, daga mi zuwa sol taki 3. Wannan akor mai fara'a ne. Amma daga la zuwa do taki 3 ne, daga do zuwa mi taki 4. Wannan yana da sanyin jiki, kamar na juyayi. In an danna shi, sai na'ura ta matsa igiya, kuma ta jawo ƙullin tsakiya baya da taki 1. Lissafi ne, kuma tana yin shi kamin ƙiftawar ido.

Bas yana da iyaka. In matsawa za ta kai shi sama har ya sirance, sai ta maida shi ƙasa. Ganguna kuwa ba a taɓa su ko kaɗan. Kowane akor anka danna, bugunsu ɗaya ne. Nan ne kalangu ya fi ta, don shi yana hawa yana sauka da magana, har ya kira sunan mutum.

An yi wa ɗan koyo sauƙi. A Yamaha, in an zaɓi hanyar yatsa guda, madanni 1 ya isa ya ba da akor mai fara'a. In an haɗa shi da baƙin madanni na hagunsa, sai ya zama na juyayi.

To amma na'ura ba ta da kunne. Ba ta jin mawaƙi, hannun hagu kaɗai take bi. In mawaƙiya ta juya murya, makaɗi bai sake akor ba, gita da bas za su ci gaba da nasu, kiɗa ya yi tsami. In ya makara, su ma sun makara.

Ran biki na gaba, ku tsaya ta hagun makaɗi ku dubi yatsunsa. Ku ƙirga sau nawa ya ɗaga hannu a baiti guda, kuma ku saurara ko bas ya bi shi nan take. Ku kawo lissafinku cibiyar karatu, a rubuta shi a allo.