Kabad Ɗin da Ke Tsare Rayuwar Ma'aikatan Ɗakin Gwaje-gwaje

A wannan makon shafin kimiyya na allonmu zai kai mu ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, wato inda ake kai jini da kaki da fitsari don a gano cutar da ke damun mara lafiya.

Da yawa daga cikinmu mun taɓa raka wani asibiti. An ba shi 'yar kwalba an ce ya tofa kakinsa a ciki, ya miƙa ta taga, aka ce ya dawo gobe ko jibi. Mu dai mun koma gida. Amma akwai mutumin da zai buɗe wannan kwalbar da hannunsa, fuskarsa tana kusa da ita. Idan akwai ƙwayoyin tarin fuka a ciki, me zai hana shi shaƙar su? Amsar ita ce wata na'ura da za mu kira kabad ɗin kariya. Ita ce darasinmu na yau.

Me ya sa ake buƙatarsa?

Duk lokacin da aka buɗe murfin kwalba, ko aka girgiza ruwa, ko aka zuba shi daga wani mazubi zuwa wani, wasu 'yan mitsi-mitsin ɗigo suna tashi su shiga iska. Ido ba ya ganinsu, hanci ba ya jin warinsu. Suna iya daɗewa suna yawo a ɗaki kamar ƙurar da muke gani idan hasken rana ya shigo aji ta taga. Idan ruwan yana ɗauke da ƙwayar cuta, to ɗigon ma yana ɗauke da ita.

Wannan ba zance ba ne kawai, ya faru. A farkon shekarar 1969 wata baƙuwar cuta ta ɓulla a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. An aika da jinin waɗanda suka kamu zuwa jami'ar Yale a Amurka. Masanin da ke binciken, Jordi Casals, ya kamu da cutar a bakin aikinsa, da ƙyar ya sha. A ƙarshen shekarar wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen ya kamu, ya rasu. Daga nan jami'ar ta dakatar da aikin, aka mayar da ƙwayar cutar wani ɗaki mai tsaro sosai a birnin Atlanta. Ita ce cutar da muke kira zazzaɓin Lassa, wadda har yau take kashe mutane a ƙasarmu, har da likitoci da ma'aikatan jinya. To ka ga wanda ke neman cuta don ya taimaki wasu, shi ma yana buƙatar abin da zai tsare shi.

Yaya kamanninsa?

Kabad ɗin kariya babban akwati ne na ƙarfe mara tsatsa, a kan ƙafafu kamar tebur. Gabansa gilashi ne da ake ɗagawa sama ko a sauke. Ana barin wata kafa a ƙasan gilashin, tsayinta wajen santimita 20 zuwa 25. Ma'aikaci yana zama a kujera, ya zura hannuwansa ta kafar, yana kallon aikinsa ta gilashi. Fuskarsa tana waje, aikin yana ciki.

Da muka fara ganin hotonsa, tambayar da ta zo mana ita ce: tunda akwai kafa a buɗe, me zai hana ƙwayoyin cutar fitowa ta nan? Ashe iska ce take tsare ƙofar. A cikin kabad ɗin akwai fanka mai ƙarfi da ke zuƙo iskar ɗaki ta wannan kafar, da gudun kusan rabin mita a kowace daƙiƙa. Tunda iska shiga take yi kullum, ɗigon da ya tashi a ciki ba zai iya yin gaba da ita ya fito ba.

Mun yi lissafi don mu ga yawan iskar. A ce faɗin kafar mita 1.2 ne, tsayinta mita 0.2, gudun iskar mita 0.5. Idan muka ninka su za mu sami 0.12, wato lita 120 a kowace daƙiƙa. Wannan ya kusa cika jarka biyar masu lita 25. Kafin ka ƙifta ido sau ɗaya iska mai yawan haka ta wuce.

Matatar da ake kira HEPA

Iskar da ta kwaso ƙwayoyin cuta ba a sakinta haka nan. Sai ta bi ta wata matata da ake kira HEPA. An fara ƙera irin wannan matata a shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ana yinta da zaren gilashi siriri ƙwarai, a cakuɗe kamar auduga, a mayar da shi kamar takarda, sannan a nannaɗe shi kamar mafici don ya sami faɗi mai yawa a ƙaramin wuri.

Ana auna ƙananan abubuwa da maikiron. Idan ka raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne. Matatar HEPA tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ɓurɓushi mai girman maikiron 0.3. Ma'ana, idan guda 10,000 suka zo, uku kaɗai za su wuce.

Da farko mun ɗauka kamar rariya take aiki, babba ya tsaya, ƙarami ya wuce. Ba haka ba ne. Manyan ɓurɓushi suna da nauyi, ba sa iya kauce wa zaren idan iska ta karkata, sai su buge shi su maƙale. Matsakaita suna bin iska, amma idan suka gogi zaren sai su manne. Ƙananan sosai kuwa ba sa tafiya a miƙe, tangal-tangal suke yi saboda ƙwayoyin iska na bugunsu ta kowane gefe, har su faɗa kan wani zare. Waɗanda suka fi wuyar kamawa su ne na tsakiya, masu girman kusa da maikiron 0.3, shi ya sa ake gwada matatar da su. Waɗanda suka fi su girma da waɗanda suka fi su ƙanƙanta sosai duk sun fi sauƙin kamuwa.

Amma mu lura da abu ɗaya. HEPA ba ta tare gas ko tururin sinadari. Don haka kabad ɗin kariya daban yake da akwatin zuƙe hayaƙi da ake aikin sinadarai a ciki. Akwai kuma wani teburi mai kama da shi da ke huro iska mai tsabta zuwa fuskar ma'aikaci. Wannan kayan aiki kaɗai yake karewa. Wanda ya buɗe kwalbar cuta a kansa ya hura wa kansa cutar.

Aji uku

Kamar yadda muke da aji ɗaya zuwa uku a ƙaramar sakandare, shi ma kabad ɗin aji uku ne.

Aji na ɗaya yana zuƙar iskar ɗaki, ta wuce ta kan aikin, ta bi ta matata ta fita. Yana kare ma'aikaci da muhalli. Amma ba ya kare abin da ake gwadawa, domin iskar ɗaki mai ƙura tana bi ta kansa.

Aji na biyu shi ne aka fi amfani da shi. A nan iskar da ta shigo ba ta taɓa aikin. Tana faɗawa wasu ramuka da ke bakin teburin, ta bi ta ƙasa da baya ta hau sama. Daga sama kuma tatacciyar iska tana saukowa a hankali kan aikin. Ta haka yake kare abu uku: ma'aikaci, muhalli, da samfurin da ake gwadawa. Kare samfuri yana da muhimmanci, domin idan wata ƙwaya daga ɗaki ta faɗa ciki, sakamako zai fito ba daidai ba, a ba mara lafiya maganin cutar da ba shi da ita.

Aji na uku a rufe yake ruf, babu kafa ko kaɗan. An manna dogayen safar hannu na roba a jikinsa, ta cikinsu ma'aikaci yake aiki. Iskar da za ta fita tana bi ta matata biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ana amfani da shi ga cututtuka mafiya haɗari irin su Ebola da Marburg.

Abubuwan tsaro

Kabad na zamani yana da ƙararrawa. Idan aka ɗaga gilashi ya wuce alamar da aka yi masa, ko gudun iska ya ragu, sai ta yi ƙara. Yana da ma'auni da ke nuna ko matata ta fara toshewa. Hanyoyin da gurɓatacciyar iska ke bi an tsara su ta yadda ko sun huje, iska ciki za ta shiga, ba waje za ta fito ba. Wasu suna da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta. Haskenta yana ƙona fata da ido, shi ya sa ake haɗa ta da gilashin, ba za ta kama ba sai an rufe shi gaba ɗaya. Kuma ba ta maye gurbin goge teburi, domin ba ta kashe abin da ke ɓoye ƙarƙashin ƙura ko a inuwa.

Tattalin wuta

Wani zai ce ina ruwan tsaro da kuɗin wuta? Akwai ruwa. Fankar kabad tana aiki sa'o'i da yawa a rana. Dukkanmu mun san yadda wutar lantarki take a ƙasarmu, asibitoci da yawa da janareta ko sola suke dogara. Kabad ɗin da ke cin wuta kaɗan, batir zai iya riƙe shi na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta. Idan fanka ta tsaya ana tsakiyar aiki, kariya ta tafi nan take. Dole ma'aikaci ya rufe kwalabe, ya sauke gilashi, ya dakata.

Masu ƙera shi sun rage cin wuta ta hanyoyi da dama. Sababbin injinan fanka sun fi na da tattali, ba sa zafi sosai, kuma suna ƙara gudu da kansu idan matata ta fara cika da ƙura, don iska ta tsaya yadda ake so. Fitilun LED sun maye gurbin dogayen fitilun da. Wasu idan aka sauke gilashi, fanka tana rage gudu, cikin kabad ya zauna da tsabta ba tare da ɓarnar wuta ba.

Ga misali na lissafi kawai. A ce wani kabad yana cin wat 400, wani 200, kowanne yana aiki awa 8 a rana. Na farko zai ci yunit 3.2 a rana, na biyu 1.6. A kwana 30 na farko ya ci 96, na biyu 48.

Nau'in kabad ɗin ma yana kawo bambanci. A aji na biyu akwai nau'in A2, wanda ke sake tace kashi 70 cikin 100 na iskarsa ya yi amfani da ita, ya fitar da kashi 30. Akwai B2 da ke fitar da iskarsa duka waje ta bututu. B2 yana da amfani idan aikin ya haɗa da ɗan sinadari mai tururi, amma yana kwashe iskar ɗakin da aka sanyaya da tsada. Saboda haka ba a sayensa sai aikin ya buƙace shi.

Na'ura ba ta isa ita kaɗai ba

Labulen iskar nan ba shi da ƙarfi sosai. Mutum ya wuce da sauri ta bayan ma'aikaci, ko a buɗe ƙofa da ƙarfi, ko a kunna fankar sama, duk suna iya yaga shi. Shi ya sa ake ajiye kabad nesa da ƙofa da taga da hanyar wucewa. Ga wasu ƙa'idojin masu aiki da shi:

1. A kunna shi ya yi 'yan mintuna kafin a fara aiki.
2. A sa rigar aiki da safar hannu.
3. A goge teburin kafin aiki da bayansa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar sipirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100.
4. Kada a toshe ramukan iska da takarda ko gwiwar hannu.
5. A yi aiki can ciki, aƙalla santimita 10 daga baki.
6. A shigar da hannu a fitar da shi a hankali, a miƙe.
7. Kada a kunna wuta a ciki. Zafinta yana hargitsa iska, yana iya lalata matata.
8. Ƙwararre ya zo ya gwada shi aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka matsar da shi ko aka canja matata.

Ƙa'ida ta takwas ita ce aka fi saurin mantawa, saboda tana cin kuɗi. Amma kabad ɗin da matatarsa ta huje yana ci gaba da ƙara, fitilarsa tana haske, ma'aikaci yana zaune hankali kwance yana shaƙar cuta. A wurinmu kuma ƙurar hunturu tana sa matata saurin toshewa idan ba a rufe ɗakin da kyau ba.

Ɗaya daga cikin gwajin da ƙwararru suke yi shi ne na hayaƙi. Suna sakin ɗan hayaƙi a bakin kafar su ga ko zai shiga ciki. Mu ma za mu iya ganin irinsa. A gaban malami, a riƙe turaren tsinke a bayan fankar tebur, za a ga hayaƙin ya miƙe ya bi iska. Sai wani ya wuce da sauri ta gefe, a ga yadda zai watse.

A cikinmu akwai masu burin zama likitoci da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje. Wata rana mu ne za mu zauna a gaban wannan gilashin. Kafin lokacin, idan aka ba mu kwalbar gwaji a asibiti, mu rufe ta da kyau, kada mu ɓata bayanta, mu wanke hannu da sabulu. Akwai wanda zai karɓe ta, shi ma yana da iyali a gida.

Tambayoyin mako

1. Abubuwa uku nawa ne kabad na aji biyu yake karewa? Lissafo su.
2. Idan ɓurɓushi 20,000 masu girman maikiron 0.3 suka zo wa matatar HEPA, nawa za su wuce?
3. Me ya sa ba a ajiye kabad kusa da ƙofa?

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci a allon mako mai zuwa, in Allah Ya yarda.