Yaushe ya fi a yi tayi a gwanjon intanet?

Wani mai sauraronmu daga Dungas, mai gidan wasan gem, yana tambaya: yaushe ake samun tsofaffin PlayStation 2 da faifansu da araha a gwanjon intanet?

To malam, sannu da ƙoƙari. A dandalin eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995, mai kaya ne ke yanke wa'adin gwanjo, daga kwana 1 zuwa 10, kuma da lokaci ya cika an rufe. Saboda haka kada ka yi tayi da wuri. Ka san halin kasuwar Maigatari ran Alhamis: wanda ya nuna rago ya shiga ransa tun hantsi, shi dillalai ke tsawwala wa. Ka yanke iyakar kuɗinka a zuci, ka saka tayin saura daƙiƙu kaɗan a rufe.

Agogo ma na taimakonka. Nijar na gaban Niyok da awa 5 ko 6, gwanjon da zai rufe da hantsinmu kuwa, galibin masu tayi a can suna barci. Ka kuma kauce wa Disamba, lokacin sayen kyaututtukan Kirsimeti.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wuta. Yawancin na'urorin Amurka an ƙera su don bolt 110, tamu kuwa 220 ce, sai su ƙone nan take. Ka nemi na Faransa ko Ingila, kuma ka lissafa kuɗin aiko da na duwan kafin ka taya. Allah ya ba da sa'a, malam.