Su Wa Ke Tono Tarihin da Muke Haddacewa?

Mu a aji haddace shekaru muke yi: jihadin Shehu 1804, faɗuwar Sakkwato hannun Turawa 1903. Wanda ya gama digirin farko ya koma neman na biyu ko na uku kuwa, shi ke tono labarin da kansa. Zai je Gidan Arewa a Kaduna ya karanta tsofaffin takardun Larabci da ajami, ya zauna da dattijai, sannan ya gwada maganar wannan da ta wancan, don akwai masu ƙara gishiri. Haka marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya binciki tarihin Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello. Aikin yana son hanzari, domin dattijan suna rasuwa, takardun da ke gidaje kuma gara na cinye su.