Kunne Ba Ya Ƙiftawa: Matsalar Sauti a Wajen Haɗa Fim

A cikin shekarar 1990 ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a farkon finafinan bidiyo na Hausa. A yau kuwa, saurayin da ke Kaoje, can cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo daf da iyakar Jamhuriyar Benin, yana iya shirya nasa fim ɗin da wayar salula guda ɗaya. Hoto yakan fito tangaran. Abin da ke tona asirin ɗan koyo shi ne sauti.

Alal misali, a ce ana ɗaukar cinikin bajimi a kara. An ɗauki fuskar mai saye da hantsi, lokacin da 'yan kabu-kabu ke ta wucewa. Fuskar mai sayarwa kuma sai da la'asar, bayan kasuwa ta lafa. In aka haɗa su, mai kallo zai yarda da hoton, amma zai ji hayaniya tana ɗaukewa tana dawowa duk sa'ad da aka sauya fuska. Daga nan ya daina bin labari.

Dalilin haka yana cikin halittar ɗan Adam. Ido ya saba da yankewa: yana ƙiftawa, yana kuma tsalle daga wannan abu zuwa wancan kamar sau 3 cikin sakan ɗaya, ƙwaƙwalwa tana ɓoye giɓin. Kunne ba shi da fatar rufewa, ko cikin barci yana aiki. A can cikinsa akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, waɗanda aikinsu ya shafi mayar da girgizar sauti saƙon jijiya. Saurinsu ya kai mutum ya gane giɓin milisakan 2 zuwa 3 a cikin ƙara. Hoto ɗaya na bidiyo mai hotuna 25 a sakan kuwa milisakan 40 yake ɗauka. Wato abin da bai kai ushirin hoto guda ba, kunne ya riga ya kama shi.

Sai dai ƙwaƙwalwa tana da wani sassauci. A shekarar 1970, wani masani a Amurka, Richard Warren, ya cire sautin harafi ɗaya daga kalma a cikin jimlar da aka naɗa, ya sa tari a gurbinsa. Kusan dukkan masu sauraro suka ce sun ji kalmar cif. Da aka bar gurbin shiru, nan take aka gane. Ashe ƙara tana rufe giɓi, shiru ne ke fallasa shi.

Wannan shi ne tushen dabarar masu tace fim. Kafin a tashi daga wurin ɗauka, sai kowa ya yi tsit a naɗi sautin wurin na minti guda: kukan shanu, iska, surutun nesa. Wajen tacewa a shimfiɗa shi ƙarƙashin fitowar gaba ɗaya, kamar tabarma, ta yadda babu gaɓar da za ta faɗa cikin shiru. Abin mamaki, wannan aikin da ba ya cin ko kwabo shi aka fi mantawa da shi.

Bugu da ƙari, kada a yanke hoto da sauti wuri guda. A bar muryar mai sayarwa ta shigo kafin fuskarsa ta bayyana, domin haka ake yi a zahiri: sai an ji magana ake waiwayawa. A kowace mahaɗa kuma a sa sautin farko ya dushe yayin da na biyu ke tasowa, ko da na tsawon hoto biyu ne, don kashe ɗan "ƙas" ɗin da ke fita in an datse igiyar sauti a tsakiya.

Iskar hunturu ce kaɗai ba ta jin wannan magani. In ta bugi makirufo, ta shiga cikin muryar ke nan. Gara tun farko a lulluɓe shi da soso, mai ɗauka kuma ya ba iska baya.