ƘANJAMAU: AIKIN DA KE KAN MUTANEN GIDA

Ya kai maigida, ka karanta wannan takarda, sa'an nan ka karanta wa iyalinka.

Ƙwayar cuta ce ke kawo ƙanjamau, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta. Likitoci suna kiranta HIV. Aikinta shi ne ta cinye dakarun jini, watau masu tsare jiki daga cututtuka. In sun yi ƙaranci, sai tarin fuka da zawo da ƙuraje su taru su kā da mutum. A Nijeriya an fara ba da labarinta a 1986.

Hanyoyinta uku ne. Na farko, saduwar namiji da mace. Na biyu, jini, ta aska ko reza ko allurar da aka yi wa wani aiki da ita. Na uku, daga uwa zuwa jariri, a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Sauro ba ya ɗaukarta. Ba a samunta ta gaisawa, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko buta, ko tabarma. Saboda haka ware wa mai ciwon kwanonsa ba rigakafi ba ne, zalunci ne kawai.

To, yanzu ga abin da bincike ya nuna. Likitoci sun bi ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara, har da Malawi da Kenya da Indiya, ɗaya yana da ƙwayar, ɗaya ba shi da ita. Aka raba su kashi biyu. Kashi na farko aka fara ba masu ciwon magani nan take, kashi na biyu aka dakata sai dakarun jininsu sun ragu. A 2011 aka bayyana sakamako. Mutum 28 ne suka ɗauki ƙwayar daga abokan zamansu: 27 daga kashin da aka dakata, ɗaya tak daga kashin da aka fara da wuri. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba kowa magani da zarar an gane yana da ita.

Ga dalili. Maganin ba ya kashe ƙwayar ƙurmus, danne ta yake yi ya hana ta hayayyafa. Wanda ya sha kullum, galibi cikin wata shida sai ta ragu har awo ya kasa ganinta a jininsa. Muddin yana haka, ba zai sa wa matarsa ta wurin saduwa ba, kuma zai yi nomansa kamar kowa. Amma in ya bari, sai ta farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin.

Nan ne gizo ke saƙa. A ɗakin magani mun sha ganin mutum ya ji ƙarfi, ya tafi cin rani ba guzurin magani, damina ta yi a dawo da shi a kwance. Wani kuwa kunyar mutanen gidansa ce ke sa ya ɓoye kwalbar har ya manta da ita. Shi ya sa muka ce aikin na gida ne.

1. Kai da matanka ku je a auna jininku. Duban fuska ba ya nuna mai ƙwayar.

2. Mai shan magani ya tsai da lokaci ɗaya kullum, misali bayan sallar lisha, wani a gidan ya riƙa tuna masa.

3. In zai yi tafiya, ya fara zuwa asibiti ya karɓi abin da zai ishe shi.

4. Kafin awo ya nuna ƙwayar ta kwanta, a yi amfani da kwaroron roba.

5. Mai ciki ta je awo da wuri, ta haihu a asibiti. In tana shan magani, da wuya jaririn ya ɗauka.

6. Ranar aski ko kaciya ko ƙaho, ka sayi sabuwar reza ka ba wanzami. Kada ka yarda da allurar mai talla.

Mai ƙanjamau ɗan'uwanka ne. Ka ci abinci tare da shi, ka tambaye shi ko ya sha maganinsa na yau. Allah ya ba mu lafiya, amin.